Kifin Gwangwanin Anti

Tun da cikin ya shiga wata na biyu, babu abin da ke zama a cikin Anti. Ta sha shayi ya dawo, ta ci shinkafa ta dawo, ƙwai kuwa ko ƙamshin suyarsa ta jiyo daga gidan maƙwabta sai ta tashi da gudu ta yi bayi. Wata rana da yamma tana kwance a doguwar kujera kamar an yar da tsumma, ta buɗe ido ta ce wa mijinta ita kifin sadin take marmari, na gwangwani, da burodi da lemun tsami. Ya fita ya sayo guda ɗaya, yana cewa a ransa shi ma hanyar 'yan'uwansa zai bi. Ta cinye tas, ta suɗe man da yatsa, ta yi barci har da minshari. Kifin bai dawo ba.

Mijin nata mai gyaran firij ne da na'urar sanyaya ɗaki, duk layin shagonsu Injiniya ake ce masa. Ita kuma malamar ƙananan yara ce a wata makaranta. Yaran ne suka sa mata Anti, iyayensu suka ɗauka, shi ma ya bi sahu, tun yana yi da tsokana har ya zama bakinsa ba ya kama wani sunan. Injiniya mutum ne da ba ya son ƙarnin kifi ko kaɗan, amma da ya ga sadin ya zauna, washegari sai ga shi da katan guda a kafaɗa. Ya tura shi ƙarƙashin kantar kicin, kusa da tukunyar gas. Shi yake buɗe mata gwangwanin da kansa don kada bakin murfin ya yanke ta, yana toshe hanci yana mita, ita tana dariya tana cewa ɗansa ne ya aiko, ba ita ba.

Dariyar nan ita ce abin da Injiniya yake lallaɓawa, domin wannan ba shi ne cikinta na fari ba. Na farin ya zube yana wata biyar, kuma likita bai iya faɗa musu dalili ba. Anti ta nemo wa kanta dalili: bokitin ruwan da ta ɗauka ranar da famfo ya ɗauke. Babu wanda bai ce mata ba shi ba ne, ta ƙi yarda. Ta yi watanni ba a ga haƙorinta ba, ta rame, ta bar zuwa makaranta zango guda domin ba ta iya kallon yaran mutane. Injiniya ya ga wannan da idonsa, kuma ba ya fatan sake gani.

Yanzu ga sabon cikin ya kai wata biyar ɗin. Laulayin da aka ce zai wuce a wata na uku bai wuce ba, sai dai ya yi sauƙi, kuma har yanzu sadin ne abincin da ta fi yarda da shi. Ba wanda ya ambaci watan a cikinsu, amma kowa ya san ɗan'uwansa yana lissafe da shi.

A cikin wannan watan ne aka kira Injiniya gidan wata Hajiya, tsohuwar mai ba shi aiki, wadda firijinta mai ƙofa biyu ya daina sanyi. Ya janyo shi daga jikin bango, ya durƙusa a bayansa yana kwance murfin kwamfuresa, injin da ke sa shi sanyi, ita kuma tana zaune a kujerar roba tana kwashe kayan ciki tana zubawa a kula. Mace ce mai kirki, mai son hira, ba ka barin gidanta ba ka sha wani abu ba.

"Ya mai jiki?" in ji ta. "Har yanzu aman?"

"Da sauƙi, Hajiya. Ai mun samu abin da take ci. Kifin gwangwani, sadin. Da ta ci shi ke nan, lafiya lau."

"Kifin teku?"

"To, ina jin na teku ne."

"Kullum take ci?"

"Kusan kullum. Wata rana ma safe da yamma."

Hajiya ta ajiye robar da ke hannunta. "Injiniya, ba ku tambayi kowa ba? Lokacin da 'yata take da ciki, likitanta ya ja mata kunne a kan kifin teku. Wai akwai zaiba a jikinsa, wannan ruwan mai ƙyalli na cikin ma'aunin zafin jiki. Uwa ta ci, ya bi jini ya je ƙwaƙwalwar yaro. Kuma abin tsoron ba ya nunawa yanzu. Sai an haihu a ga yaro ya ƙi zama, ya ƙi magana."

"Wane irin kifi ya ce, Hajiya?"

"Kifin teku dai ya ce. Ni dai ka gaggauta hana ta." Wayarta ta yi ƙara a falo, ta miƙe tana dafa gwiwa, ta tafi.

Injiniya ya zauna a ƙasan tayil da sukudireba a hannu. Ya san zaiba. Yana koyon aiki ya taɓa ganin ma'auni ya fashe, abin ya watse ƙasa yana gangarawa kamar ƙananan ƙwallaye, maigidansa ya daka masa tsawa kada ya kuskura ya taɓa, guba ce. Wannan gubar ce ke nan yake buɗe wa matarsa da hannunsa, yana matsa mata lemun tsami a kai. Ya gama aikin, amma da za a tambaye shi yadda ya gama, ba zai iya faɗa ba.

A shago ya tarar da Dogo, abokin aikinsa da suka haɗa haya, yana wanke fankar wata na'ura da buroshi. Injiniya ya haye kan wani mataccen firij da suka mayar kujera, ya shiga bincike a waya. Wani shafin ya ce kifi yana da amfani ga mai ciki. Wani ya nuna hoton jariri da jan rubutu. Wani ya lissafa sunayen kifaye da bai taɓa ji ba, wasu a ci, wasu a bari, shi kuma bai san ko abin da ke cikin gwangwanin nan sadin ne na gaskiya ko suna kawai aka liƙa masa ba. Inda aka ce ba komai, sai idonsa ya wuce da sauri. Inda aka ce akwai haɗari, nan yake tsayawa ya karanta ya sake karantawa.

"Lafiya kake zufa a inuwa?" in ji Dogo.

Ya faɗa masa. Dogo ya yi dariya. "Kai dai Hajiyar nan ta sa ka a uku. Mu da muka tashi da kifin gwangwani, ga mu nan da ƙwaƙwalwarmu."

"Kai ne hujjar ma da ta fi ba ni tsoro."

"Allah ya isa. To ka je asibiti ka tambaya mana."

"Awonta sai mako na sama. Kuma in na je, za ta sani."

Bai faɗa wa Dogo ɗayan dalilin ba, wato tsoron amsar yake yi. Maimakon asibiti sai ya leƙa wurin mai kemis na ƙarshen layi. Mai kemis ya saurare shi yana jera kwalaye, ya ce shi dai a ganinsa duk abin da ake kokwanto a kai gara mai ciki ta bar shi. Injiniya ya ce, wanda aka riga aka ci fa? Mai kemis ya ɗaga kafaɗa ya ce sai addu'a.

Da yamma ya koma gida ya same ta a kicin, ta ɗora ƙafa a kan ƙaramar kujera tana yanka albasa, gwangwani yana gefe yana jiransa. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya shirya maganar tun a hanya, amma da ta ɗago ta yi masa murmushi ta ce ɗansa yau ya yi ta harbi a aji har yara suka tambaya me ya sa take dafe ciki, sai maganar ta maƙale. Ya tuna bokitin ruwa. Bokiti sau ɗaya ta ɗauka, ta yi watanni tana hukunta kanta. Wannan kuwa wata uku ta yi tana ci. Ya buɗe mata gwangwanin, domin bai san yadda zai ƙi ba, ya fita tsakar gida don kada ya ga tana ci.

Washegari ya bari ta tafi makaranta, ya dawo gida ya janyo katan ɗin. An ci fiye da rabi. Ya ɗaure shi a bayan babur ya kai shago, ya tura shi bayan tukwanen gas. Da ta dawo ta nema ba ta gani ba, ya ce mata ya duba ya ga na ƙasan duk lokacinsu ya wuce, tsohon kaya aka cusa masa.

Ta dafe ciki nan take. "Waɗanda na ci fa?"

"Na sama lafiyarsu ƙalau, na duba gwangwanayen a shara. Amma kada ki sayi ko ɗaya a kanti, an ce duk irin kayan ne a gari. Mu jira sabo ya shigo."

Ta yarda, domin a kan cikin nan ko inuwa aka ce ta kauce wa za ta kauce.

Daga nan gidan ya koma yadda yake a farko. Ya dafa mata taliya, ta ci cokali biyu ta mayar. Ya sayo gasasshiyar kaza, ta ce ya fita da ita. Ya sayo ayaba, tuffa, biskit, madara. Wani ya zauna rabin yini, wani ko minti goma ba ya yi. Har ruwa ya zama sai ta kurɓa kaɗan-kaɗan. Da safe yana jin ta a bayi, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da tawul, yana faɗa wa kansa gara wannan da guba. Idanunta suka faɗa, leɓenta ya bushe. Kullum sai ta tambaya ko sabon kayan ya shigo, kullum ya ce tukuna. A wurin aiki ya ƙona ɗan yatsa da wutar walda, abin da rabonsa da yi tun yana ɗan koyo, ya kuma cika wa wani mutum gas a firijin da bai toshe yoyonsa ba, sai da aka sake kiransa.

Dogo kuwa ya gano katan ɗin, ya mayar da shi abincin rana. "Tunda guba ce, bari in sadaukar da kaina," in ji shi, yana dangwala burodi. Amma shi ma da ya ga yadda Injiniya ya zama, sai ya bar wasa ya ce, "Wallahi ka faɗa mata. Abin nan da kake yi ba dabara ba ce." Injiniya ya ce a bari a kai ranar awo.

Ba a kai ba. Wata rana da hantsi jiri ya ɗebi Anti a gaban allo, ta dafa tebur ta zauna a kujerar yara. Shugabar makarantar ta ce ta tafi gida ta huta, ta tare mata tasi. Shagon ya fi gida kusa, ita kuma ba ta son zama ita kaɗai, sai ta ce a sauke ta a can. Injiniya yana ciki ya tura kai cikin wata na'ura, ya ji Dogo ya yi shiru a tsakiyar magana. Ya juyo. Tana tsaye a bakin shago, jakarta a rataye, tana kallon gwangwanin da ke hannun Dogo da katan ɗin da ke gefen ƙafarsa.

Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki guda, ta juya gindinsa ta karanta. Ta ɗauki wani daga can ƙasa, shi ma ta karanta.

"Sai baɗi zai lalace," ta ce.

Dogo ya ajiye burodinsa ya ce bari ya je ya sayo ruwa, ya fice.

"Zauna, Anti."

"Ba zan zauna ba. Me ya sa?"

Ya goge hannu da tsumma, ya sake gogewa. Sannan ya faɗa mata, tun daga kicin ɗin Hajiya har zuwa mai kemis. Yana magana yana kallon fuskarta, yana ganin abin da yake gudu yana sauka a kanta a hankali. Ta laluba bayanta ta zauna a kan mataccen firij ɗin, gwangwanin yana hannunta.

"Ƙwaƙwalwa," ta ce.

"Ba a tabbatar ba. Wasu sun ce ba komai."

"Wata uku ina ci." Ta ɗora hannu a ciki, ta yi shiru tana sauraro. Da ta sake magana muryarta ta yi ƙasa sosai. "Tun jiya da rana ban ji motsinsa ba. Na ɗauka yunwa ce ta sa ya yi lamo. Ban faɗa maka ba don kada hankalinka ya tashi."

Injiniya bai san lokacin da ya fita titi ya tare mota ba. Ya kama hannunta, ta bar masa, amma hannun a sake yake kamar ba nata ba. Kowace danja suka tsaya sai ya ji kamar ya fita ya ɗauke ta a kafaɗa.

A asibiti aka shiga da ita sashen masu ciki, aka ce ya jira a baranda. Ya zauna a benci tsakanin wata tsohuwa mai riƙe da fulas da wani mutum mai gyangyaɗi. Akwai ƙaramin firij na magani a bayan tebur ɗin ma'aikata, fankarsa tana gogar wani abu, kar-kar-kar. Ya kafa wa ƙarar kunne, yana lissafa abin da ya kwance a ciki da yadda za a ɗaure shi, domin in ya saki wannan tunanin ɗayan ne zai shigo. Duk da haka ya shigo. Ya ga kansa yana komawa gida da ita kamar wancan karon, da jakar kaya a hannu, ba mai cewa uffan. Kuma wannan karon ba bokiti ba ne, shi ne.

"Ina mijin malamar nan?"

Wata ma'aikaciyar jinya ce, babbar mace mai tabarau a goshi, wadda ya ji ana kira Sista. Ya miƙe ya bi ta. Anti tana kwance a kan gado, an ɗage rigarta, an shafa mata wani mai a ciki.

"Ita ta ce a kira ka," in ji Sista. "Tsaya nan, kada ka faɗo mini."

Ta ɗora kan wata 'yar na'ura a cikin, tana zagayawa da shi. Sai shuuu kawai ake ji, kamar rediyon da bai kama tasha ba. Ta matsa gefe. Shuuu. Ta danna ƙasa kaɗan, ta tsaya, ta sake matsawa. Anti ta rufe ido, leɓenta yana motsi. Injiniya ya riƙe ƙarfen gadon har ƙunar yatsansa ta fashe bai ji ba.

Sai ga shi, can ƙasa ta hagu. Fat-fat-fat-fat, da sauri, ba tsayawa.

"Ga mutumin," in ji Sista. "Ɓuya ya yi. Lafiyarsa lau. A wata biyar dama motsi yakan zo ya ɗauke, amma kun yi daidai da kuka zo, ba a zama da irin wannan a gida. Uwar ce ba ta yi mini ba. Jikinta ba ruwa, ga yunwa. Kwana nawa ba ta ci abin kirki ba?"

Injiniya ya buɗe baki, Anti ta riga shi. "Sista, kifin fa?"

Sista ta goge mata ciki, ta ja kujera ta zauna, ta sauko da tabaraunta. Ta ce a ba ta labarin daga farko. Injiniya ya sake faɗa, wannan karon kansa a ƙasa. Ta karɓi gwangwanin, wanda Anti ta jefa a jakarta tun a shago, ta duba shi.

"Wadda ta faɗa maka ba ƙarya ta yi ba, rabin zancen ta riƙe," ta ce. "Akwai zaiba a kifin teku, gaskiya ne, kuma muna hana masu ciki wasu. Amma manyan kifaye ne, masu daɗewa a ruwa suna cin 'yan'uwansu, irin su shak da mai dogon baki kamar takobi. Su ne abin yake taruwa a jikinsu. Wannan ɗan ƙaramin bai daɗe a duniya ba balle ya tara. Yana cikin waɗanda suka fi ƙarancinsa. Mu da kanmu muke cewa a ci, domin mansa yana taimakon ƙwaƙwalwar yaro da idonsa, ƙayarsa mai laushin nan kuma tana gina ƙashi. Kuma dafaffe ne, ba ɗanye ba."

"Kullum fa nake ci," in ji Anti. "Wata rana sau biyu."

"Ya yi yawa, ban ce bai yi ba. Sau biyu ko uku a mako muke so, ko don gishirinsa, ko don jiki ya samu wasu abubuwan. Amma ban ga abin da zai hana ni barci a kai ba. Na auna jininki bai hau ba. Likita zai zo ya duba, za a yi hoto don ku gani da idonku, zai kuma rubuta maganin aman da bai kamata a ce an kai yanzu ba a ba ki ba. In ya kama, sai ki riƙa cin wasu abubuwan kina hutar da kifin. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a yar. Wanda aka buɗe a juye a mazubi a sa a firij, kada ya wuce washegari. Firij dai na san ba za a rasa a gidanku ba."

"Kin tabbata, Sista?" in ji Injiniya. "Ba don ki kwantar mana da hankali ba?"

Ta dube shi ta saman tabarau. "Malam, aikina ba kwantar da hankali ba ne. Da akwai matsala da ka ji ta. Matsalar da na gani yau ita ce mace mai ciki da aka bari da yunwa. Kai da ka ji magana, nan ba a buɗe yake ba? Ko mun ce maza ba sa tambaya?"

Aka ɗaura wa Anti ƙarin ruwa, aka mayar da ita wani ɗaki mai gadaje huɗu. Likita ya zo, aka yi hoton, ya nuna musu kai da kashin baya da wata 'yar ƙafa tana shure-shure, ya ce girman ya yi daidai da watanninsa. Ya ce za su riƙe ta zuwa gobe.

Injiniya ya zaci da sun fito daga ɗakin hoton komai ya wuce. Amma da aka bar su su biyu, Anti ta juya fuska bango. Ya zauna a kujerar gefen gado yana kallon ruwan yana ɗiga. Ya gyara mata zani a ƙafa, ba ta motsa ba. La'asar ta yi, rana ta sauko ta taga ta kwanta a kan bargon.

"Anti, ki yi haƙuri."

Ya matso da kujerarsa kusa da gadon.

"Tsoro na ji. Na tuna wancan lokacin, yadda kika zama. Na ce in kin ji wannan..."

"Sai ka yanke mini hukunci." Ba ta juyo ba. "Kana tsaye a bakin bayi da tawul kana ji na, ka san dalili, ni ban sani ba. Kullum in tambaye ka, ka dube ni ka ce tukuna."

"Na yi kuskure."

"Ka ɗauke ni ƙwai, ko? Wancan karon ma haka kuka yi mini, kai da yayata da kowa. In na shigo a yi shiru. Ba wanda ya zauna ya ji tsoro tare da ni, kowa lallashi yake. Shi ya sa na daɗe ban warke ba, ba bokiti kaɗai ba ne."

Wannan maganar bai taɓa jin ta ba. Ya zauna da ita a ransa, bai nemi kare kansa ba. Can ta juyo, idanunta jajur, ta dube shi.

"Ni ma na ɓoye maka motsin," ta ce. "Kwana guda cur. Da wani abu ya faru, da ban san me zan ce maka ba."

"Kada mu ƙara."

"Duk abin da ka ji, ko a bakin mahaukaci ne, ka kawo mini. In tsoro ne mu ji tare, mu zo nan a kore mu tare." Ta kama hannunsa ta juya shi, ta ga yatsan. "Wannan kuma fa?"

"Walda."

"Je ka Sista ta wanke maka, kafin ka sa wa yarona ƙazanta."

Washegari aka sallame ta. Maganin ya kama sannu a hankali. Ta fara cin shinkafa da wake da ganye, har ƙwai ya samu shiga, sadin kuma ya koma na wasu ranaku. Tsoron dai bai bar gidan ba, sai dai ya daina ɓuya. Wata na biyar ya fita, na shida ya shiga, suka faɗi hakan da baki a karon farko. Injiniya ya riƙa rufe shago ranar awo yana bin ta, shi kaɗai namiji a layin benci, da tambayoyinsa a baki, har matan wurin suka san shi suna matsa masa wuri. Akwai ranar da ƙafarta ta kumbura suka zo a guje, aka auna aka ce tsayuwar aji ce, ta riƙa ɗaga ƙafa. Akwai ranar da ita ce ta ji wata magana a kan shan ruwan sanyi, ta kawo masa, suka tsorata tare na rabin yini kafin Sista ta yi musu dariya.

Ta haihu da safe, ranar wata Talata, bayan naƙuda mai tsawo. Ɗan da suka yi ta kira ɗansa ya zo mace, 'yar ƙarama mai gashi da ƙarfin murya. Da aka miƙo wa Injiniya ita cikin tawul, ya riƙe ta kamar za ta zube, yana duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Jaririyar ta yamutsa fuska ta yi atishawa, ta ƙara. Ya ɗago a firgice ya dubi Anti, ita ma shi take kallo.

"Je ka tambayo," ta ce a gajiye.

Ya miƙa mata yarinyar a hankali, ya fita baranda neman Sista.